Kada a rasa ido garin neman gira: sharhi kan manhajojin gyaran hoto

Gabatarwa

Tun daga lokacin da kyamarar fim ta ja da baya, aka daina jiran mai wankin hoto kwana uku ko mako guda, ɗaukar hoto ta fita daga hannun masu sana'a ta shiga hannun kowa. Malamin makaranta yana ɗaukar ɗalibansa ranar rabon sakamako, sakataren ƙungiya yana ɗaukar taro, uwa tana ɗaukar jaririnta ranar suna. Kowannensu kuma, da ya dubi abin da ya ɗauka, sai ya ga wani abu da yake son gyarawa: fuska ta yi duhu, ko bango ya karkace, ko wani ya gitta a gefe. A nan ne tambaya take tasowa, wato da wace manhaja za a yi gyaran. Amsar da aka saba bayarwa a shagon kwamfuta da majalisar abokai ita ce Photoshop, kuma amsa ce da aka yi gaggawar bayarwa. Manhajar gyaran hoto aikin ɗan Adam ce kamar littafi ko fim, tana ɗauke da ra'ayin waɗanda suka ƙera ta game da abin da ake kira kyakkyawan hoto, saboda haka ta cancanci a ɗora ta a kan sikeli. Ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan tambaya ce mai kai biyu: me manhaja take yi wa asalin hoto, kuma a hannun wa take barinsa?

Darasin nagatif

Wannan ma'auni ya samo tushe tun zamanin fim. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a shekarar 1948, ya daɗe yana ɗaukar mutanen birnin cikin kwalliyarsu, yana ba su ƙananan hotuna masu santimita 13 a kan 18. Su suka tafi da nasu, shi kuwa ya adana nagatif. A shekarun 1990 aka sake wanke hotunan daga waɗannan nagatif ɗin, wasu a girman da ya haura mita ɗaya, har a 2016 aka baje su a Grand Palais da ke Paris. Da Keïta ya yi sakaci da asalin aikinsa, da babu wani gwanin da zai iya fitar da zanen atamfa da ƙyallin ido daga tsohuwar takardar da ta sha rana a bangon ɗaki. Haka abin yake ga Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970: iyakar abin da aka adana shi ne iyakar abin da ƴan baya za su gani.

Hoton zamani ba shi da nagatif da za a riƙe a hannu, sai fayil, kuma yawancin kyamarori da wayoyin salula suna ajiye shi a tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992. Dabarar JPEG ita ce a yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a kan 8, a zubar da bayanan da ake ganin ido ba zai lura da rashinsu ba, domin fayil ya yi sauƙi. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Idan aka buɗe hoton aka gyara, aka sake ajiye shi a kan na farko, sai a sake zubar da wani abu. A yi haka sau da yawa, sai gefen fuska ya fara dishi-dishi, sararin sama ya koma layi-layi. Bugu da ƙari, JPEG yana ba kowane launi daga cikin ja da kore da shuɗi matakan haske 256 kacal, alhali fayil ɗin RAW, wanda manyan kyamarori da wasu wayoyi ke iya ajiyewa, yana riƙe da 4096 ko 16384. Ke nan fayil na farko da ya fito daga kyamara shi ne nagatif na wannan zamani, kuma manhajar da ke rubutu a kansa ba tare da gargaɗi ba ta faɗi jarrabawar farko, komai yawan kayan aikinta.

Abin da hoton yau da kullum yake bukata

Idan aka dubi hotunan da makaranta ko ƙungiya ke tarawa a shekara, za a tarar gyaran da suke nema bai taka kara ya karya ba. Ana son a miƙe hoton da ya karkace, a yanke gefen da ba a bukata, a daidaita haske, a daidaita launi, sa'annan a sa masa suna da kwanan wata domin a same shi gobe. Daga cikinsu daidaita haske ne ya fi wuya a ƙasashen Sahel, kuma dalilinsa a fili yake. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ke gabansa zuwa matsakaicin haske. Idan dattijo baƙi ya tsaya cikin farar babbar riga da tsakar rana, farin rigar yakan rinjayi lissafin, sai kyamara ta rage haske, riga ta fito tas, fuska ta nutse cikin duhu. A lokacin hunturu kuma ƙurar da ke cikin iska takan sa hoto ya yi fari-fari, launuka su dushe. Maganin na farko shi ne a ɗaga hasken wuraren inuwa kawai, a bar farin yadda yake. Maganin na biyu shi ne a ƙara tazara tsakanin baƙi da fari. Kusan duk manhajar da ta amsa sunanta tana iya waɗannan abubuwa biyu.

Maganar girman hoto ma an zuzuta ta fiye da kima. Hoton albam mai santimita 10 a kan 15 yana bukatar ɗigo kusan 1200 a kan 1800 domin ya fito da kyau, wato miliyan 2 da ɗan ɗoriya, abin da ƙaramar waya ta daɗe da wucewa. Saboda haka matsalar mai hoton yau da kullum ba ta cika zama ƙarancin ƙarfin na'ura ba. Ta fi zama hotuna dubu da ba su da suna, a warwatse tsakanin waya da kwamfuta da katin memori.

Photoshop: gwaninta da haya

Babu mai musun gwanintar Photoshop. Thomas Knoll ne ya fara rubuta ta a 1987 yana ɗalibi a jami'ar Michigan ta Amurka, ɗan'uwansa John, wanda ke aikin dabarun fim, ya taimaka masa, kamfanin Adobe kuma ya fitar da ita kasuwa a watan Fabrairun 1990. A 1994 ta zo da tsarin shimfiɗa, inda ake ɗora sassan hoto kamar takardu masu shara-shara, a taɓa wannan ba tare da an taɓa wancan ba. Ga mai tsara bangon littafi ko allon talla, wannan kayan aiki ne na gaske. Sai dai an gina ta ne domin a zauna a kan hoto ɗaya na tsawon sa'o'i, ana haɗawa ana cirewa. Malamin da ya dawo daga bikin makaranta da hotuna 300 yana son ya zaɓi 30, ya haskaka su, ya kai wanki, ya ɗauko gatari ne domin feƙe fensir.

Adobe da kansa ya gane haka, shi ya sa a 2007 ya fitar da Lightroom, wadda ke tara hotuna cikin kundi ɗaya, tana rubuta gyaran da aka yi a gefe ba tare da ta taɓa asalin fayil ba. A ɓangaren farko na ma'auni, Lightroom ta ci jarrabawa. A ɓangare na biyu ne magana ta sauya. A 2013 kamfanin ya daina sayar da sababbin fitowar Photoshop sayarwa ta dindindin, ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara, daga baya Lightroom ma ta bi sahu. Ana biya da katin banki, da kuɗin waje, kuma dole kwamfuta ta riƙa shiga intanet lokaci-lokaci domin a tabbatar an biya. Wanda ya daina biya yana iya ganin hotunansa a Lightroom ta kwamfuta, yana iya fitar da su, amma babban ɓangaren gyara yakan rufe. A watan Oktoban 2019 kamfanin ya sanar cewa zai rufe asusun duk masu hulɗa da shi a ƙasar Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka, ko da yake ya janye kafin watan ya ƙare bayan ya samu izini. A watan Agustan 2020 kuma wani sabuntawa na Lightroom a wayoyin iPhone ya share hotunan wasu mutane da ba su riga sun tura su ma'ajiyar kamfanin ba, kamfanin ya nemi gafara, ya ce ba za a iya dawo da su ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda kuma ya kauce wa haya ta hanyar sa kwafin sata, ya buɗe wa ƙwayoyin cutar kwamfuta ƙofar ɗakin da ya ajiye hotunan nasa.

Picasa: kyauta mai wa'adi

Idan akwai manhajar da ta fahimci mai hoton yau da kullum, to Picasa ce. Ta fito a 2002, Google ya saye ta a 2004 ya mayar da ita kyauta. Da an sa ta, sai ta bi kwamfuta lungu-lungu ta tattaro hotuna, ta jera su bisa kwanan wata. Kayan gyaranta kaɗan ne, kowanne da suna mai sauƙin ganewa, kuma ba ta nauyaya wa tsohuwar na'ura. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne ladabinta ga asali: tana rubuta gyara a wani ɗan fayil na dabam, idan kuma mutum ya nace sai an ajiye gyaran, takan ɓoye kwafin hoton farko a gefe domin ranar da-na-sani.

Duk da haka, a watan Maris na 2016 Google ya daina kula da ita, ya karkata ga Google Photos, wanda ke ajiye hotuna a ma'ajiyar kamfanin ta intanet. Da farko ajiyar kyauta ce ba iyaka, amma daga 1 ga Yunin 2021 aka sa mata iyaka, wanda ya cika rabonsa sai ya biya ko ya share. Kamfanin Apple ma ya yi haka da Aperture, wadda ya fitar a 2005 ya janye daga kasuwa a 2015. Darasin a nan shi ne, manhajar kamfani tana rayuwa ne muddin tana da amfani ga kamfanin, ko an biya ta ko kyauta ce. Wanda ya shafe shekaru yana rubuta sunayen mutane da wurare a cikin kundin da manhaja ɗaya ce kawai ke iya karantawa, ranar da aka rufe ta zai tarar da hotunansa, amma wani sashe na wahalarsa ya bi ruwa.

GIMP, darktable da ƙananan manhajoji

Akwai wani gida na uku, na manhajoji masu ƴanci, waɗanda rubutunsu a buɗe yake, kowa yana da izinin kwafa da rabawa. Babbarsu ita ce GIMP, wadda ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995 a jami'ar Berkeley. Tana aiki da Faransanci, ba ta neman intanet, kuma darakta yana iya sa ta a duk kwamfutocin makaranta ba tare da ya karya doka ba. Gaskiya ce dai a faɗa, GIMP ta gaji nauyin Photoshop: ita ma ta hoto ɗaya ce, allonta cike yake da maɓallai, kuma sai a fitowarta ta 3.0, a watan Maris na 2025, ta samu cikakkiyar hanyar ɗora gyara da cire shi ba tare da an taɓa hoton ƙasa ba. Ta dace da ajin koyar da zane da tsara takardun ƙungiya fiye da tace hotunan biki.

Darktable, wadda ta fito a 2009, ita ce takwarar Lightroom a wannan gida. Ba ta rubutu a kan asalin fayil ko kaɗan, tana ajiye gyara a ɗan fayil na gefe. Aibinta shi ne tana magana da harshen masana, sabon shiga yakan ɓata a cikinta, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Ga mafi yawan mutane, ƙananan manhajoji irin su XnView, ta Bafaranshe Pierre-Emmanuel Gougelet, ko IrfanView, ta Irfan Skiljan, sun fi kusa da bukata. Kyauta ne ga mai amfanin kansa da makarantu, suna buɗewa nan take, suna sauya wa hotuna ɗari suna a lokaci guda, suna juya hoton JPEG ba tare da an yi asarar komai ba. Sai dai suna iya rubutu a kan asali, don haka dole mai aiki da su ya saba da ajiye kwafi da sabon suna.

Wayar salula da launin fata

Yau yawancin gyara a waya ake yinsa, wani lokaci ma kafin mai hoto ya sani, domin wayoyi da yawa suna da tsarin ƙawata fuska da ke aiki tun lokacin ɗauka. A nan ne ra'ayin da ke ɓoye cikin kayan aiki ya fi bayyana, kuma tarihinsa ya girmi waya. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley, domin su daidaita launi da shi. Binciken da Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita daidai, yana cikin abin da ya sa aka inganta yadda fim ke ɗaukar launuka masu duhu. A watan Yunin 1994 mujallar Time ta ƙara wa hoton O. J. Simpson duhu a bangonta, yayin da Newsweek ta buga hoton yadda yake, aka jera su a kanti kowa ya ga bambancin. A 2017 kuma masu FaceApp suka nemi gafara bayan an lura cewa maɓallinsu na ƙara kyau yana haskaka fata.

An samu ci gaba. Kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno ya yi suna a Afirka da daidaita kyamara domin baƙar fata, Google ma ya fito da irin wannan tsari a 2021. Amma ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaga hasken fuskar da inuwa ta rufe mayar wa mutum kamanninsa ne. Sauya launin fatarsa kuwa bilicin ne da aka yi da yatsa maimakon mai. Sa'annan tsarin da ke goge fuska ta yi sumul ba ya bambance ƙurji da tsage: yakan dushe zanen fuskar tsohuwa Bagobira ko dattijo Bakatsine, alhali wannan zane yana faɗin asalin mai shi, kuma al'ada ce da ke ja da baya, wataƙila nan gaba a hoto kawai za a gan ta. Manhaja irin Snapseed, wadda Google ya saya a 2012 kuma kyauta ce, ta fi dacewa, domin tana barin mutum ya zaɓi wurin da zai haskaka da hannunsa, ya kuma ajiye kwafi. A tuna kuma cewa WhatsApp yakan rage girman hoto ya cire bayanan ɗauka da ke cikinsa, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Hoton da ya zagaya waya biyar bai cancanci a kira shi asali ba.

Iyakar gyara

Tun kafin Photoshop aka san jarabar gyara. A watan Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna domin su shiga bangonta, abin ya zame mata abin gori na shekaru. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mayar da su ɗaya. Abin da a da sai gwani, yau na kowa ne: tun 2023 Photoshop tana iya ƙago abin da babu shi a hoto daga umurnin da aka rubuta mata, wayoyi kuma suna share mutum daga cikin taro da taɓawa ɗaya.

Wannan ba ya nufin duk gyara laifi ne. Katin gayyatar aure ko allon tallan wasan kwaikwayo ado ne, kowa ya san ado ne. Amma hoton hawan sallah a Damagaram, ko na kokowar gargajiya, ko na ajin da ya kammala karatu, shaida ce, kuma darajarta tana ga cewa gani ya kori ji. Idan aka share wayar lantarki domin ta ɓata tsari, an share wa mai bincike na gaba alamar lokacin da wuta ta shiga unguwar. Idan aka cire wanda aka yi faɗa da shi daga hoton taro, an yi wa tarihin ƙungiya ƙarya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, babu manhaja ɗaya da ta lashe gasa, amma hukuncin bai da wuyar fitarwa. Mai sana'ar tsara hotuna da ke samun abin biyan haya yana da hujjar riƙe Photoshop. Makarantar da ke koyar da aikin hoto ta fi samun kwanciyar hankali da GIMP, mai babbar kyamara kuma da darktable. Malami ko sakataren ƙungiya da ke son miƙewa da yankewa da haskakawa, ƙaramar manhaja ta ishe shi. Abin da ya hau kan kowa shi ne a ware wuri guda na asalin hotuna wanda ba a taɓawa, a jera su bisa shekara da wata da sunan taro, da sunaye irin waɗanda kowace kwamfuta za ta iya karantawa, a ajiye kwafinsu a na'ura ta biyu a wani gida dabam, waɗanda suka fi daraja kuma a wanke su a takarda a rubuta sunayen mutane a baya. A kashe tsarin ƙawata fuska kafin a ɗauki dattawa. Cikin shekaru 30 manhajoji da yawa sun zo sun wuce, wasu za su bi su. Jikan da zai nemi fuskar kakarsa ba zai tambayi da wacce aka gyara hoton ba. Abin da zai so shi ne ya same shi, kuma ya tarar ita ce.